Masu karɓar tallafin rashin aiki a garuruwan Birtaniya: tambayoyi da amsoshi

Kowane wata jaridun garuruwan Birtaniya kan buga labari iri ɗaya: mutum kaza ne ke karɓar tallafin rashin aiki a wannan ƙaramar hukuma, adadin ya hau ko ya sauka. Kansiloli da 'yan majalisa su ɗauka su yi ta muhawara da shi. 'Yan uwanmu da ke zaune a can, da masu shirin tafiya karatu ko aikin jinya, su ma suna cin karo da waɗannan alƙaluma idan suna neman garin da za su sauka. Adadin yana da amfani ƙwarai, sai dai abin da yake ƙirgawa shi ne waɗanda doka ta buɗe wa ƙofa kuma suka je suka ƙwanƙwasa. Marasa aikin da ba su shiga ta wannan ƙofa ba, babu su a ciki. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Wane adadi ne wannan, kuma wa ke fitar da shi?

Sunansa a hukumance Claimant Count. Ya haɗa mutane iri biyu: masu karɓar Jobseeker's Allowance, wato alawus ɗin mai neman aiki da aka kafa a watan Oktoba na 1996, da masu karɓar Universal Credit, wato tallafin wata-wata na marasa aiki da masu ƙaramin samu, waɗanda aka ɗora wa sharaɗin neman aiki. Ma'aikatar Ayyuka da Fansho, DWP, ita ke riƙe da rajistar, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ONS, kuma ita ke wallafawa wata-wata. Ana ɗaukar adadin ranar Alhamis ta biyu ta kowane wata, a fitar da shi a wata mai biyowa. A Ireland ta Arewa ma'aikatar yankin ce ke tafiyar da tallafin, amma alƙalumanta na shiga jimillar ƙasa.

A 2024 da 2025 jimillar ta yi ta kai-kawo a wajen mutum miliyan 1.7, kimanin kashi 4 cikin ɗari na mutanen da ke tsakanin shekara 16 da 64.

Yaya ake lissafa kason gari ko unguwa?

Ana raba yawan masu karɓa da yawan mazauna wurin masu shekara 16 zuwa 64, a ninka da ɗari. A ɗauki misalin gari mai irin waɗannan mutane 100,000, masu karɓa kuma 4,500. Kasonsa 4.5 ke nan.

Abin lura yana wajen wannan 100,000 ɗin. Kowa na ciki: mai aiki, ɗalibi, uwar da ke renon jariri, marar lafiya, wanda ya yi ritaya da wuri. A ce 30,000 daga cikinsu ɗaliban jami'a ne. Ɗalibin da ke karatu na cikakken lokaci, in ban da wasu 'yan kaɗan, ba ya da ikon karɓar Universal Credit, amma yana cikin waɗanda ake rabawa da su. Idan ka cire ɗaliban, mutum 4,500 ɗin nan sun zama kashi 6.4 na sauran jama'ar garin. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa garuruwan manyan jami'o'i kamar Cambridge da York kan fito da ƙaramin kaso, ko da yake gaskiya ne su ma suna da ayyuka da yawa.

Ana kuma lissafin ne da inda mutum ke kwana, ba inda yake aiki ba. Unguwar da ke gindin dogayen benayen bankuna a Landan tana iya fitowa da kaso mai nauyi, domin masu aiki a benayen jirgin ƙasa ke kawo su daga wasu garuruwa da safe ya mayar da su da yamma.

To ba shi ne adadin marasa aiki da ake karantawa a labarai ba?

A'a, abu biyu ne daban. Wanda ake kira adadin rashin aikin yi na ƙasa yana fitowa ne daga binciken gida-gida da ONS ke yi, Labour Force Survey, bisa ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. A wannan ma'auni marar aiki shi ne wanda ba shi da aiki, ya nemi aiki a cikin makonni huɗu da suka wuce, kuma a shirye yake ya fara cikin mako biyu. Ba a tambayarsa ko gwamnati na ba shi ko kwabo.

Saboda haka mutum na iya zama marar aiki a binciken amma babu shi cikin masu karɓa. Matar da ta rasa aiki alhali mijinta na ɗaukar albashi mai kyau ba za ta samu Universal Credit ba, domin ana haɗa kuɗin shigar ma'aurata ne a auna. Wanda ya tara ajiya fiye da fam 16,000 ba zai samu ba. 'Yan shekara 16 da 17 mafi yawansu ba su cancanta ba. Akwai kuma wanda ya cancanta sarai amma kunya ko gudun wahalar takardu ta hana shi zuwa.

Me ya sa ake ci gaba da amfani da adadin masu karɓa duk da haka? Domin binciken gida-gida samfuri ne, kuma idan aka gutsuttsura shi zuwa ƙananan hukumomi sai mutanen da aka tambaya su yi kaɗan har a kasa dogaro da sakamakon. Ga shi kuma masu amsa tambayoyin sun yi ta raguwa bayan korona, har ta kai a watan Oktoba na 2023 ONS ta dakatar da fitar da alƙaluman binciken na ɗan lokaci. Rajistar masu karɓa kuwa ƙirga ce ta kai-da-kai, tana sauka har matakin unguwa, kuma tana fitowa da wuri. Idan masana'anta ta rufe a gari, nan ne za a fara ganin alamar.

Da gaske ne mai aiki ma na iya shiga cikin adadin?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan ne ya fi rikita mutane. Universal Credit ba ya yankewa ranar da mutum ya samu aiki. Raguwa yake yi a hankali: a kowane fam ɗaya da ka samu, a cire maka fene 55, wato kashi 55 cikin ɗari. A ɗauki gwauro ɗan shekara 30, ba 'ya'ya, ba larura. A shekarar da ta fara daga Afrilun 2025 kuɗinsa na asali fam 400.14 ne a wata, ban da na haya. Idan ya samu aikin share ofis na 'yan awoyi ya ɗauki fam 300 a watan, za a cire fam 165, a tura masa fam 235.14. Yana fita aiki da asuba, amma sunansa na nan cikin Claimant Count.

Dalili shi ne akwai iyakar albashi da gwamnati ta sa. Duk wanda bai kai ta ba, ana ci gaba da ɗora masa sharaɗin neman ƙarin aiki, sharaɗin kuwa shi ke jefa shi cikin ƙirga. Wannan iyaka an yi ta ɗaga ta: daga kwatankwacin albashin awa 9 a mako zuwa awa 12 a Satumban 2022, zuwa awa 15 a Janairun 2023, zuwa awa 18 a Mayun 2024. A watannin da suka biyo bayan ɗagawar 2024 adadin ya yi tsalle a faɗin ƙasar ba tare da an kori waɗannan mutane daga aiki ba. Dokar ce ta faɗaɗa ta haɗa da su. Duk wanda ya karanta kanun jarida a lokacin ya ɗauka kamfanoni ne ke sallamar ma'aikata, an ɓatar da shi.

Waɗanne garuruwa ne kan zo a sama, waɗanne ne a ƙasa?

Birmingham ce ta daɗe tana zuwa kan gaba a cikin ƙananan hukumomi. A 2024 da 2025 kasonta ya kai wajen mutum ɗaya cikin goma, fiye da ninki biyu na ƙasa baki ɗaya, kuma mazaɓunta irin su Ladywood da Perry Barr da Hodge Hill su ne kan mamaye saman jerin mazaɓun majalisa. Bayanta ana yawan ganin Wolverhampton da Bradford da Luton da Blackpool, sai wasu ƙananan hukumomin Landan kamar Haringey, Newham, Brent, da Barking da Dagenham. A Ireland ta Arewa yankin Derry da Strabane ne ya saba zuwa sama.

A ƙasan jerin akwai tsibiran Scilly da Orkney da Shetland, da yankunan karkara masu wadata irin su Ribble Valley, da ƙananan hukumomin kudancin Ingila inda ma'aikatan Landan masu kauri ke zaune. A can kason kan tsaya wajen 2 ko ƙasa da haka.

Amma matsakaicin gari na ɓoye abu da yawa. A cikin Birmingham ɗin nan akwai Sutton Coldfield, wadda kasonta ya fi kama da na ƙauyukan masu kuɗi, alhali tafiyar 'yan mintuna ce a jirgi daga unguwannin da suka fi ko'ina nauyi a ƙasar.

Me ya sa Birmingham ta yi wa saura nisa haka?

Dalilai ne suka taru. Birni ne da ya ginu a kan ƙira da haɗa motoci, kuma tun ƙarshen shekarun 1970 masana'antun suka fara zubewa. Lokacin da kamfanin MG Rover ya durƙushe a Afrilun 2005, ma'aikata kimanin 6,000 suka rasa aiki a Longbridge a tashi ɗaya, ban da na ƙananan kamfanonin da ke kawo musu kayan gyara. Ayyukan da suka zo daga baya a tsakiyar birnin na ofis ne, na banki da lauyoyi da akantoci, masu buƙatar takardun da ɗan tsohon maƙeri a Aston ko Handsworth sau da yawa bai samu damar mallaka ba.

Sannan birni ne na matasa, kuma matasa ne suka fi kowa shiga rajistar a mafi yawan wurare. Gidaje masu 'ya'ya da yawa da ƙaramin albashi suna da yawa, irin gidajen da a da suke karɓar tallafin haraji na ma'aikata da na yara. Da aka rufe wannan tsohon tsari a Afrilun 2025 bayan an kwashe mutanensa zuwa Universal Credit, wasu da ba a taɓa ce musu su nemi aiki ba, musamman iyaye mata da yaransu suka tasa, sun wayi gari da sharaɗin a kansu, suka shiga ƙirga. Akwai kuma bambancin da ake nuna wa masu neman aiki saboda suna ko launin fata, abin da gwaje-gwajen aika takardun neman aiki iri ɗaya da sunaye daban-daban suka sha nunawa a Birtaniya. Ita kanta hukumar birnin, wadda ya kamata ta tallafa, a Satumban 2023 ta sanar cewa ta kasa daidaita kasafinta, aka shiga yanke ayyukan jama'a.

Irin wannan labari ne a wasu wuraren, sai dai sunan masana'antar ya canza: ƙarfe a Redcar a 2015, manyan murahun narka ƙarfe na Port Talbot a 2024, masana'antar motocin Vauxhall a Luton a 2025.

Wasu na cewa yawan masu karɓa alama ce ta lalaci, an samu kuɗin banza an kwanta. Haka ne?

Ban yarda da wannan ba, kuma alƙaluman kuɗin kaɗai sun isa amsa. A shekarar da ta fara daga Afrilun 2025 sabon salon Jobseeker's Allowance fam 92.05 ne a mako ga ɗan shekara 25 zuwa sama, fam 72.90 ga wanda bai kai ba. Kwana 182 kawai ake biya, kuma sai wanda aka cire wa kuɗin inshorar ƙasa daga albashinsa a shekarun baya-bayan nan. Universal Credit na gwauron da bai kai 25 ba kuwa, a wannan shekarar, fam 316.98 ne a wata. Idan ka canza zuwa naira zai yi maka kama da dukiya. A can kuwa daga ciki za a biya wuta da gas na ɗumama ɗaki, a sayi abinci, a biya bas, a biya waya da intanet ɗin da ake neman aikin da shi, a kuma cike giɓin haya, tunda kuɗin haya da ake bayarwa sau da yawa ba ya kai abin da mai gida ke karɓa. A Jamus, wanda ya rasa aiki kan samu kashi 60 cikin ɗari na albashinsa na hannu, kashi 67 idan yana da yaro. A Birtaniya injiniya da mai shara kuɗi ɗaya ake ba su.

Kuɗin ma ba ya zuwa nan take. Daga ranar da mutum ya cike takarda zuwa ranar da na farko zai shiga asusunsa kimanin mako biyar ne. Ana iya ba shi rance ya riƙe kansa, amma za a riƙa zare shi daga na watannin gaba.

Sai sharuɗɗa. Za a kira shi ofishin Jobcentre Plus, wato ofishin gwamnati na masu neman aiki, ya zauna gaban jami'in da aka haɗa shi da shi, su rubuta yarjejeniya ya amince: zai iya kaiwa awa 35 a mako yana neman aiki. Yana da shafi a intanet inda zai riƙa rubuta kowane kamfani da ya tura wa takarda, da ranar, da abin da suka ce. Saƙo na iya faɗowa a shafin cewa ya zo ranar Talata ƙarfe goma da kwata. Idan bai gani ba, ko bas ta makara, ko yaro ya kwana da zazzaɓi bai sanar a kan lokaci ba, ana iya yanke masa kuɗi. Manyan laifuka, kamar ƙin karɓar aikin da aka ba shi ba tare da hujja ba, hukuncinsu na farko kwana 91 ne. Yana da damar neman a sake duba hukuncin cikin wata ɗaya, in bai gamsu ba ya tafi kotun ɗaukaka ƙara, kuma ofisoshin ƙungiyar ba jama'a shawara ta Citizens Advice na taimakawa kyauta.

Masu ha'inci akwai su, kamar a kowane tsari da kuɗi ke ciki. Amma ha'inci ba ya bayyana dalilin da ya sa taswirar masu karɓa ta yi daidai da taswirar masana'antun da suka mutu.

Idan kason gari ƙarami ne, ke nan akwai aiki a can?

Sau da yawa haka ne, amma ba kullum ba. Wanda aka tabbatar rashin lafiya ta hana shi aiki yana iya karɓar Universal Credit ba tare da sharaɗin neman aiki ba, don haka babu shi a Claimant Count. A 2023 da 2024 mutanen da suka fita daga kasuwar aiki saboda doguwar jinya sun kai wajen miliyan 2.8, sun zarce duka masu karɓar tallafin rashin aiki da nisa.

Masana biyu na Jami'ar Sheffield Hallam, Christina Beatty da Steve Fothergill, sun shafe shekaru suna bin wannan batu. Sun nuna cewa bayan rufe ma'adinan kwal a shekarun 1980 da 1990, dubban maza a kwarurrukan kudancin Wales da Durham da kudancin Yorkshire ba su bayyana a rajistar marasa aiki ba. Rajistar marasa lafiya suka koma. Ciwon nasu na gaske ne, baya da huhu da damuwa, amma da a garin da aiki ke neman mutane suke, da yawansu da sun samu abin da za su iya yi. Har yau tsofaffin garuruwan kwal na iya nuna kason masu karɓa matsakaici alhali mutum ɗaya cikin goma ko fiye na zaune a gida kan tallafin jinya. Saboda haka duk mai son sanin lafiyar gari sai ya haɗa alƙaluma uku: masu karɓa, masu aiki, da waɗanda suka fita daga neman aikin gaba ɗaya.

Me ya sa adadin wasu garuruwa ke hawa da sanyi ya sauka da bazara?

Garuruwan bakin teku ne, irin su Blackpool da Skegness da Great Yarmouth. Daga Ista zuwa ƙarshen bazara otal-otal da wuraren wasan yara da shagunan kifi da dankali na ɗaukar ma'aikata. Da sanyi ya shigo sai a ja ƙofofin ƙarfe a rufe, a sallami mutane sai baɗi. Alƙaluman ƙananan hukumomi ba a tace musu wannan hawa da sauka na yanayi, don haka Janairu da Janairun bara ake kwatantawa, ba da Yulin da ya wuce ba.

Zan iya kwatanta adadin yau da na shekarun baya?

Da taka-tsantsan. Tallafin ya samo asali ne daga dokar inshorar ƙasa ta 1911, wadda ta shafi ma'aikata fiye da miliyan biyu a sana'o'i irin su gini da ƙera jiragen ruwa, tana biyan sule bakwai a mako na tsawon mako 15. Tun daga nan duk lokacin da aka taɓa dokar cancanta sai adadin ya motsa. A 1982 gwamnatin Margaret Thatcher ta daina ƙirga waɗanda suka yi rajistar neman aiki ta koma ƙirga masu karɓar kuɗi kawai, aka kuma yi ta gyare-gyare a shekarun da suka biyo, mafi yawansu masu rage adadin. Duk da haka ya haura miliyan 3 a 1986.

Universal Credit ya fara ne a Ashton-under-Lyne a Afrilun 2013, bai gama isa dukan ofisoshin Jobcentre ba sai Disamban 2018. Ya haɗe tallafi shida wuri guda, kuma ya ɗora sharaɗin neman aiki a kan mutanen da tsohon tsari bai ɗora wa ba. Garin da tsarin ya riga isa sai adadinsa ya riga na maƙwabcinsa hawa, ba don komai ba sai don jadawalin ma'aikatar. Wannan ya sa tun 2015 aka cire wa adadin tambarin cikakkiyar ƙididdigar ƙasa.

Korona ta ƙara dagula lissafin. Daga wajen miliyan 1.2 a Maris na 2020, adadin ya haura miliyan 2.6 cikin 'yan watanni, alhali binciken gida-gida bai nuna tsalle mai kama da haka ba. Da yawa daga sababbin masu karɓar ba su rasa aiki ɗungurungum ba. Awoyinsu ne suka ragu, ko suna gida gwamnati na biyan kashi 80 cikin ɗari na albashinsu, abin bai isa ba suka nemi ƙari.

Ni da na zo da bizar karatu ko ta aikin kula da tsofaffi, ina da haƙƙi a ciki?

A nan ake buƙatar hattara sosai. Bizar ɗalibi, da ta ƙwararren ma'aikaci, da ta ma'aikacin lafiya da kula da tsofaffi, da mafi yawan bizar iyali, duk suna ɗauke da sharaɗin cewa mai ita ba shi da rabo a asusun tallafin jama'a. Universal Credit na cikin abin da aka hana. Karɓarsa saɓa sharaɗin biza ne, kuma yana iya jawo a ƙi sabunta ta ko a ƙi ba mutum izinin zama na dindindin. Kada ka bi shawarar abokin da ya ce shi ya karɓa ba abin da ya faru. Duba sharaɗin da ke kan bizarka, ka tambayi lauyan shige da fice mai rajista ko Citizens Advice kafin ka cike komai.

Sabon salon Jobseeker's Allowance daban yake. Tunda daga kuɗin inshorar da aka cire a albashinka yake fitowa, ba a lissafa shi cikin asusun da aka hana. Sai dai wanda bizarsa ke rataye da kamfanin da ya ɗauko shi, babbar damuwarsa wata ce: idan aikin ya ƙare, ma'aikatar cikin gida kan rage wa'adin bizar zuwa kwana 60, ya samu wani kamfani mai lasisi ko ya tattara ya bar ƙasar.

Wannan ya shafi yadda ake karanta alƙaluman. 'Yan Najeriya na cikin waɗanda suka fi yawa a masu shigowa aikin kula da tsofaffi a 2022 da 2023. Da gwamnati ta soke lasisin ɗaruruwan kamfanonin da suka ɗauko su, dubban ma'aikata daga ƙasashe daban-daban suka tsinci kansu ba aiki, wasu bayan sun sayar da fili ko gida sun biya dillalai. Suna zaune a ɗakunan haya a Luton da Coventry da Bradford, masallatai da coci-coci da rumbunan abincin sadaka ne ke riƙe da su, kuma kusan babu ko ɗayansu a Claimant Count na garin. Masu neman mafaka ma haka, tunda akasarinsu an hana su aiki kuma tallafinsu ta wata hanya yake bi.

A Najeriya akwai irin wannan adadi?

Babu, domin babu tallafin rashin aiki na ƙasa da mutum zai je ya yi rajista a riƙa biyansa. Abin da ya fi kusa shi ne tanadin dokar fansho ta 2014: ma'aikacin da bai kai shekara 50 ba, idan ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun fanshonsa. Hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, kan bayyana yawan waɗanda aka amince wa, amma kuɗin mutum ne na tsufansa yake ci tun yanzu, kuma akasari ma'aikatan gwamnati da na manyan kamfanoni abin ya shafa. N-Power da aka fara a 2016 da alawus ɗin naira 30,000 shirin ɗaukar matasa ne na wa'adi, ba inshora ba.

Sauran sai bincike. Hukumar ƙididdiga ta Najeriya, NBS, ta ce rashin aiki ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sannan a 2023 ta fitar da kashi 4.1 na watanni ukun farkon shekarar. Ba ayyuka ne suka sauko daga sama ba. A da, wanda bai yi awa 20 a mako ba marar aiki ne, yanzu kuwa awa ɗaya ta isa a sa shi cikin masu aiki, bisa ma'aunin duniya. Mai digiri da ke tura baro a Kasuwar Singa ya zama mai aiki a takarda. A ƙasar da mafi yawan masu aiki ke neman na kansu ba albashi ba fansho, zama ba aiki sai wanda ke da mai ciyar da shi. Kuma ba wanda zai iya gaya maka a watan nan mutum nawa ne suka rasa aiki a Fagge ko Tudun Wadar Kaduna. Da masaƙun Kakuri da masana'antun Sharaɗa da Bompai suka rufe, 'yan uwa ne suka ɗauki nauyin, ba rajistar da ta ƙirga su wata-wata.

Ina zan duba adadin garin da nake ko wanda zan koma?

Shafin Nomis, wanda Jami'ar Durham ke gudanarwa a madadin ONS, kyauta ne kuma ba sai ka yi rajista ba. Ka rubuta sunan ƙaramar hukuma ko lambar gidan waya, zai fito maka da yawan masu karɓa, maza da mata, rukunin shekaru, da kason yankin da na ƙasa a gefe don kwatanci. Ɗakin karatun Majalisar Wakilan Birtaniya ma na fitar da na kowace mazaɓa duk wata.

Ka fi ba kaso muhimmanci a kan jimilla, tunda babban birni dole ya fi ƙaramin gari yawan mutane. Ka duba na 'yan shekara 18 zuwa 24 daban idan kana da yara masu tasowa, domin shi ke nuna yadda samun aikin farko yake a wurin. A matakin unguwa ana zagaye adadin zuwa biyar mafi kusa, don haka tashi daga 40 zuwa 50 bai isa a gina magana a kai ba. Idan kuwa wurin zama kake nema, ka haɗa da kuɗin haya da hanyar bas ko jirgi zuwa inda ayyukan suke. Unguwa mai kaso 9 da jirgi ke kai ka tsakiyar birni cikin minti goma sha biyar tana iya fi maka ƙauye mai kaso 2 da bas ke shiga sau uku a rana, musamman idan aikinka na dare ne kuma ba ka da mota.